Dalilin da Ya Sa Ake Yawo da Irin Hatsin Ots Ƙasa-Ƙasa Kafin Ya Isa Hannun Manomi

A shekarar 1927 aka kai wani irin hatsin ots mai suna Victoria ƙasar Amurka daga Yurugwai, kuma masana inganta iri suka yi maraba da shi hannu bibbiyu, domin cutar tsatsar ganye da ta daɗe tana cinye wa manoman tsakiyar ƙasar amfanin gona ba ta kama shi. Aka yi ta barbararsa da irin gida, daga farkon shekarun 1940 aka shiga raba wa manoma 'ya'yansa, kafin 1945 kusan duk gonar ots da ke jihar Iowa jinin Victoria ne a cikinta, haka kuma fiye da rabin gonakin ots na ƙasar baki ɗaya. Sai ga wata cuta da ba a taɓa damuwa da ita ba ta ɓulla, tana ruɓar da saiwa da gindin kara, tana ƙona ganye, shuka ta kwanta kafin ta nuna. A 1946 Frances Meehan da H. C. Murphy suka bayyana ƙwayar da ke haddasa ta, kuma bincike na baya ya nuna cewa dafin da ƙwayar ke fitarwa jinin Victoria kaɗai yake kashewa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, duk ƙoƙarin da aka yi na raba halin jure tsatsa da halin kamuwa da sabuwar cutar ya ci tura, har masana da yawa suka karkata ga cewa ƙwayar gado ɗaya ce ke yin aikin biyu. Cikin shekaru kaɗan aka yi watsi da irin da ya mamaye ƙasa.

Ots hatsi ne ɗan uwan alkama da sha'ir, wanda ya fi son ƙasa mai sanyi da danshi. A wajenmu an fi saninsa a gwangwani ko leda, ana dama shi da ruwan zafi da madara, amma a inda ake nomansa kaso mai yawa abincin dabbobi ne, ko tsabarsa ko ɗanyen ganyensa ko busasshen ingiricinsa. Rasha da Kanada ne kan gaba wajen noma shi, sai irin su Poland da Finland da Ostireliya da Brazil da Birtaniya, kuma abin da duniya ke girbewa a shekara yana yawo tsakanin tan miliyan 20 zuwa 25, alhali na alkama ya haura tan miliyan 750. Wannan tazara ita ce ke bayyana yawancin abin da zai biyo baya, domin kuɗin bincike yana bin girman kasuwa ne. Tun da tarakta ta kori doki daga gonakin Turai da Amurka noman ots ya yi ƙasa, ya fara farfaɗowa ne bayan da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a 1997 cewa wani sinadarin da ke cikin tsabarsa yana taimakawa wajen rage kitsen jini, sannan daga baya madarar ots ta shiga kasuwa.

Babbar abokiyar gabar wannan hatsi ita ce tsatsar ganye, wadda wata ƙwaya dangin fumfuna mai suna Puccinia coronata ke haddasawa. Tana fitowa a kan ganye kamar ƙananan ƙuraje masu launin ruwan goro, kowane ƙurji yana fashewa ya saki ƙura mai laushi wadda iska ke kwasa, kuma idan ƙurar ta sauka a kan wani ganye ta sami raɓa da ɗumi, cikin mako guda zuwa kwana goma ta fitar da nata ƙurajen. Gonar da ta kamu da wuri, ganyenta kan bushe kafin tsaba ta cika, karan ya yi rauni ya kwanta, a girbi a sami tsaba marar nauyi da ƙaiƙayi mai yawa, irin wadda masu niƙa ba sa saye. A Arewacin Amurka iska ce ke ɗauko ƙurar daga Meziko da Texas da Louisiana, inda ake shuka ots a hunturu, ta bi da ita arewa gona bayan gona har Manitoba da Saskatchewan a Kanada. A 2014 cutar ta cinye kimanin rabin amfanin ots na jihar Minnesota da kusan kashi ɗaya cikin uku na South Dakota, wato ba labarin zamanin da ba ne.

Don a gane dalilin da ya sa iri mai juriya ke faɗuwa, sai an koma ga abin da Harold Flor ya gano a North Dakota a shekarun 1940, yana nazarin tsatsar wata shuka daban. Ya nuna cewa kowace ƙwayar gado ta juriya da ke cikin shuka, akwai wata alama takamaimai a jikin cutar da take ganewa, kuma da zarar ta gane ta sai shukar ta kashe 'yan ƙwayoyin jikinta da ke kewaye da wurin da cutar ta shiga, ta hana ta abinci. Tamkar mai gadi ne da bai san ɓarawo da komai ba sai hularsa: ranar da ɓarawon ya zo ba hula, zai buɗe masa ƙofa da kansa. A gona guda ƙurar tsatsa ba ta ƙidayuwa, saboda haka ba a rasa 'yan kaɗan da suka rasa waccan alama, kuma idan aka shuka iri ɗaya a miliyoyin kadada, su kaɗai ne za su sami abinci su hayayyafa. Masana sun lissafa ƙwayoyin gadon jure tsatsar ganye kusan ɗari, suna kiransu da lamba bayan haruffan Pc, amma galibinsu ba su wuce shekara biyar suna aiki ba bayan an bazu da su a gonaki.

Tarihin ya yi ta maimaita kansa. Bayan Victoria aka koma ga wani iri mai suna Bond, wanda aka samo daga Ostireliya, tsatsa ta karya shi, aka koma ga Landhafer da Santa Fe na Kudancin Amurka, kafin ƙarshen shekarun 1950 su ma sun bi sahu. Daga nan aka juya ga dangin ots na daji, musamman Avena sterilis da ke tsirowa da kanta a Isra'ila da sauran ƙasashen Bahar Rum, inda Isaac Wahl na Jami'ar Tel Aviv ya jagoranci tattara ta a shekarun 1960. Daga cikinta Kanada ta ciro Pc38 da Pc39 ta haɗa su a irin Dumont a farkon shekarun 1980, suka yi aiki kimanin shekara goma, sai Pc68 wadda ta riƙe gonakin yammacin ƙasar har tsakiyar shekarun 2000. Pc91 kuwa daga wata ciyawar Maroko mai suna Avena magna aka ɗauko ta da wahala, domin adadin ƙullin gadon ciyawar, wato ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, bai yi daidai da na ots na noma mai 42 ba, Jami'ar Jihar North Dakota ta saka ta a irin HiFi a 2001, kuma cikin shekarun 2010 an ga tsatsar da ke cin ta a Kanada da Ostireliya. A Iowa, Artie Browning da Kenneth Frey sun gwada wata dabara tun 1968: su cakuɗa layukan iri masu kama da juna a tsayi da lokacin nuna amma kowanne da ƙwayar juriyarsa daban, a shuka su tare, ta yadda tsatsar da ta ci ɗaya za ta ci karo da maƙwabcin da ba ta iya ci. Dabarar ta rage ɓarna, amma haɗa irin waɗannan layuka yana cin shekaru, kuma kafin a gama sababbin iri masu yawan amfani sun wuce su.

A nan ne gwajin fili ya zama ginshiƙin aikin, kuma wurin da ya fi nuna hakan yana cikin harabar Jami'ar Minnesota a St. Paul. Bayan ots, tsatsar ganye tana kuma rayuwa a kan wata bishiya mai ƙaya, Rhamnus cathartica, wadda Turawa suka kai Amurka don shinge, kuma a kan ganyenta da na danginta ne cutar ke yin auratayya tsakanin nau'o'inta ta haifi sababbi masu gaurayen hali. Manomi zai so a tumɓuke ta, amma a 1953 wani masanin jami'ar, Matt Moore, ya dasa ta da gangan layi-layi, aka bar fili a tsakani don shuka ots. Bayan hunturu, ƙurar da ta kwana a tsohon karan ots tana kama sabon ganyen bishiyar, daga can ta sauko kan yabanyar da ke gefe, saboda haka duk layin irin da aka shuka a wurin yana fuskantar tarin nau'o'in tsatsa a lokaci ɗaya, har da waɗanda ba su riga sun yaɗu a gonakin manoma ba. Masu inganta iri daga jihohi da ƙasashe daban-daban suna aika irinsu can, kuma abin da suke fata shi ne idan zai faɗi, ya faɗi a wannan ɗan fili maimakon a gonar mutane.

Yadda ake duba gonar gwaji aiki ne na ido da haƙuri. Kowane layin iri ana shuka shi a gajeriyar kunya ko ɗan rami guda da alamar lamba, a kewaye kuma a shuka irin da aka san cutar na so domin ya tara ta ya watsa wa sauran. Idan zangarniya ta fito tsaba ta fara cika, mai dubawa zai bi kunya-kunya da takarda ko na'ura, ya ɗaga ganyen sama da na ƙasa da shi, ya ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari na fuskar ganyen ƙuraje suka rufe, sannan ya duba kamannin ƙurjin kansa: babba ne mai zubar da ƙura, ko ƙarami ne da ɗorawar zobe ko mataccen nama a kewaye da shi. Wanda ya yini a irin wannan gona wandonsa da takalminsa kan rine da ruwan goro har gwiwa. Akwai kuma gwaji na biyu a ɗakin gilashi, inda ake fesa wa 'yar shuka mai ganye ɗaya nau'in tsatsa guda da aka tace, a jira kimanin mako biyu a karanta sakamako, kuma da wannan hanya ce ɗakin binciken cututtukan hatsi na ma'aikatar gona ta Amurka a St. Paul, da takwarorinsa na Manitoba da na Cobbitty a ƙarƙashin Jami'ar Sydney, suke bibiyar irin nau'o'in da ke yawo kowace shekara.

Amma fili ɗaya, komai tsananinsa, ba ya wadatarwa, domin tsatsar Minnesota ba ita ce ta Porto Alegre a Brazil ba, kuma shekarar da aka yi fari cutar ba ta zuwa sam, sai kowane iri ya fito da tsabtataccen ganye ba don ƙarfinsa ba. Wannan ne ya haifar da gonar gwaji ta ƙasa da ƙasa da aka fi sani da sunan kamfanin Quaker. H. L. Shands na Jami'ar Wisconsin ne ya fara ta a 1974 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, da nufin samar wa ƙasashe masu tasowa irin da ya dace da su, daga 1977 kamfanin Quaker Oats ya karɓi ɗawainiyar, daga baya kuma jami'o'in Texas da Florida da Louisiana suka shiga tafiyar da ita. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya: a yi barbara a Amurka tsakanin irin arewa da na kudu, a zuba 'ya'yan a ƙananan ambulan ɗari-ɗari, a aika wa abokan aiki a Brazil da Ajantina da Yurugwai da Chile da wasu ƙasashen, kowa ya shuka ya duba ya mayar da rahoto. Abin da ya bambanta ta da gwajin iri na yau da kullum shi ne ana aika iri tun yana jikan farko ko na biyu, halayensa ba su zauna ba, kuma wanda ya karɓa yana da 'yancin zaɓen abin da ya yi masa a gonarsa ya ci gaba da shi har ya fitar da iri da sunan cibiyarsa.

Kudancin Brazil ne ya fi cin moriya, kuma shi ne ya fi koyar da sauran. A jihar Rio Grande do Sul ana shuka ots don tsaba, ana shuka shi don kiwo, ana shuka baƙin ots don rufe ƙasa tsakanin noman waken suya, ga wanda ke tsirowa da kansa a gefen hanya, saboda haka tsatsa ba ta rasa ɗanyen ganye a mafi yawan watannin shekara, ga danshi da ɗumi. Irin da ya zo da ƙwayar juriya guda wani lokaci ba ya kai damina biyu. Shirin inganta ots na Jami'ar Tarayya da ke Porto Alegre, wanda ya fara a 1974 kuma Luiz Carlos Federizzi ya daɗe yana jagoranta, da na Jami'ar Passo Fundo ƙarƙashin Elmar Floss, sun ginu ne a kan wannan musayar iri, kuma ƙasar da a da take shigo da ots na ci daga waje ta koma tana noma abin da ya ishe ta. Tsananin cutar ya tilasta wa masanan can daina neman ganyen da babu ɗigo a kansa, suka koma zaɓen shukar da ke kamuwa kaɗan, a makare, da ƙananan ƙuraje marasa yawan ƙura. Irin URS 21 da suka fitar a 2000 misali ne: tsatsa tana hawansa, amma ba ta cinye shi, kuma ya daɗe a haka fiye da 'yan uwansa da suka fito fes a farko.

A ganina wannan shi ne darasin da ya fi wuyar karɓa a wannan fanni, domin ya saɓa wa ido. Juriya ta wani ɓangare, wadda ƙananan ƙwayoyin gado da yawa ke haɗuwa su samar, kuma wadda sau da yawa ba ta bayyana sai shuka ta girma, ba ta ba cutar wata alama guda da za ta sauya ta tsira, saboda haka ta fi daɗewa. A Minnesota akwai wani layi mai lamba MN841801 da ya shafe gomman shekaru a gaban bishiyoyin nan masu ƙaya yana ɗaukar tsatsa kaɗan ba tare da ya rushe ba. Matsalar ita ce auna irin wannan juriya yana buƙatar damina da yawa a wurare da yawa, kuma idan akwai babbar ƙwayar juriya guda da ke aiki a cikin shukar, takan rufe komai, mai zaɓe ba zai san ko akwai ƙanana a ƙarƙashinta ba sai ranar da ta faɗi. Ga kuma matsin kasuwa: a ranar baje kolin gona, manomin da aka nuna wa fegi biyu zai nuna wanda ganyensa ke kore shar, ba wanda ke da ɗigo-ɗigo ba, ko da na farkon shekara uku kawai ta rage masa.

Ba tsatsar ganye kaɗai ake gwadawa ba, ko da yake ita ta fi cin lokaci. Tsatsar kara tana addabar Ostireliya da yammacin Kanada da Kudancin Amurka, kuma ƙwayoyin jure ta ba su da yawa. Akwai cutar bairos da darɓa ke yaɗawa, wadda ke jajanta ganyen ots ta tsumburar da shi, kuma a Jami'ar Illinois an daɗe ana kiwon darɓa mai ɗauke da cutar a ɗakin gilashi a barbaɗa wa yabanya don a ga wadda za ta jure, aikin da ya haifar da irin Ogle a farkon shekarun 1980. A Aberystwyth da ke Wales, inda ake inganta ots tun 1919, farar fumfunar ganye ce abin damuwa. A Norway da Finland da Sweden kuwa wata fumfuna ce mai suna Fusarium, wadda ke barin dafi a cikin tsaba alhali zangarniyar ba ta nuna wata alama sosai, saboda haka sai an niƙa tsabar kowane layi an auna a ɗakin gwaji, kuma tun daga Yulin 2024 Tarayyar Turai ta ɗora iyaka ta doka a kan wasu daga cikin dafin. Irin da ya ci jarabawar Brazil yana iya faɗuwa ta Norway, kuma ko ya ci duka, idan tsabarsa ba ta ɓaruwa da kyau a injin ko karansa na kwanciya, ba wanda zai shuka shi.

Kimiyyar gado ta zamani ta sauƙaƙa wani ɓangare. A 2022 aka wallafa cikakkiyar taswirar gadon ots daga irin Sweden mai suna Sang, mai harufa kusan biliyan 11, ta kuma nuna cewa wasu sassan ƙullin gadon sun yi musayar wuri a tsakaninsu, abin da ya bayyana dalilin da wasu barbarar ke ƙin ba da abin da aka zata. Yanzu ana iya yanke ɗan ganye a gane ko shuka na ɗauke da Pc91 ko Pc94 ko duka biyun ba tare da jiran cuta ba, wanda ke ba da damar tara ƙwayoyi uku ko huɗu a iri ɗaya. Haka kuma masu inganta iri na Kanada kan aika layukansu New Zealand su yi noma na biyu lokacin da ƙanƙara ta rufe gonakinsu. Duk da haka daga ranar barbara zuwa ranar da iri zai shiga buhun manomi ana cin shekara goma ko fiye, kuma alamar gado tana faɗa maka abin da ke cikin shuka ne kawai, ba ta faɗa maka ko tsatsar bana ta riga ta koyi cin sa ba. Feshin magani yana aiki, amma ribar ots ba ta da kauri, kuma mai noman da ba a yarda da sinadari a cikinsa ba, ko mai sakin shanu su yi kiwo a gonar, ba kasafai yake da wannan zaɓi ba.

Raunin tsarin gaba ɗaya yana ga wanda ke riƙe da shi. Alkama da masara suna da cibiyar bincike ta CIMMYT a Meziko, gero da dawa suna da ICRISAT mai rassa a Kano da Sadore kusa da Yamai, wake da rogo suna da IITA a Ibadan, amma babu wata cibiyar ƙasa da ƙasa irin waɗannan da aka ɗora wa alhakin ots. Aikin yana tafiya ne a kan 'yan tsirarun masana a jami'o'i da ma'aikatun gona, da tallafin kamfanonin niƙa irin su PepsiCo da ta sayi Quaker a 2001, da kuɗin da ƙungiyoyin manoma ke cirewa daga abin da suka sayar, kuma idan malami ɗaya ya yi ritaya jami'a ba ta maye gurbinsa ba, fili guda na gwaji ya fita daga jerin ke nan. Tushen irin kansa yana ajiye a manyan rumbuna, mafi girma na Saskatoon a Kanada da na Aberdeen a jihar Idaho, kowanne da samfuri fiye da dubu ashirin, na noma da na daji. Ots yana cikin jerin amfanin gona da yarjejeniyar duniya kan irin shuka ta 2001 ta sauƙaƙa musayarsu, amma sababbin layukan da masu inganta iri ke riƙe da su yanzu sukan zo da takardun mallaka, kuma dokokin killace iri sun ƙara tsauri, ta yadda ambulan ɗin da Shands zai jefa a gidan waya a shekarun 1970, yau sai ya sami takardar lafiyar shuka da izinin shigowa, a wasu ƙasashen ma sai an noma shi zuriya guda a killataccen ɗakin gilashi kafin a bari ya taɓa ƙasar gona.